Littafin Koyon Magana na Jere Tela

"...Lafiya lau muka kwana, mai cin ɓera. Ya gonar taka? An samu na miya jiya, ko sun tsere?"

"Sun tsere daji wajen danginki, Bana Lombe. In kin je cefane ki gaishe min da birai."

Haka suke gaisawa kowace safiya a kasuwar Kabwata ta Lusaka, yau shekara goma sha tara ke nan. Jere tela ɗan ƙabilar Ngoni ne. Bana Lombe kuwa 'yar Bemba ce, mai sayar da chikanda, wainar nan ta saiwa da gyaɗa da barkono, a rumfar da ke kallon tasa. Ƙabilunsu taubasan juna ne tun kaka da kakanni, Bemba na ce wa Ngoni masu cin ɓera, Ngoni na ce musu masu cin biri, dokar wasan kuma kowa ya san ta. Abin da taubashi ya gaya maka ba ka fushi, abin da hannunsa ya ɗauka kuwa sai ka fanso shi da duk abin da ya yanka maka.

To, ranar Larabar nan Jere na da abin ɓoyo. Asabar za a yi bikin 'yarsa Thokozile, shi ne kuma zai miƙe a gaban jama'a ya yi jawabin uban amarya. Bawan Allah in'ina gare shi. In yana kan keken ɗinki ko yana zagin Bana Lombe, magana zuba take yi kamar ruwan famfo, amma mutum biyar su zuba masa ido, shi ke nan harshe ya ƙulle. Ranar jana'izar matarsa Esnart ya miƙe don ya gode wa mutane, ya tsaya, ya tsaya, ya koma ya zauna bai ce uffan ba. Shekara shida abin na cinsa. Ƙanensa ya ce zai yi jawabin a madadinsa, yarinya ta ce ita dai muryar babanta take so ta ji. Shi ya sa Jere ya lallaɓa wajen masu baza littattafai a bakin titi ya sayo na koyon magana a gaban jama'a, ya rubuta jawabinsa a fararen shafukan ƙarshe, ya naɗe shi a ƙyalle ya tura ƙarƙashin keke.

Bana Lombe ta shigo aron almakashi, wanda ba ta taɓa mayarwa sai an bi ta. Idon matar nan ba ya wuce ƙunshi. Kafin Jere ya ɗaga ƙafa daga keke, littafi ya shiga hannunta.

Ta kalli mutumin da ke jikin bangon littafin, da kwat da haƙora talatin da biyu duk a waje, ta tambaya ko sabon surukin ne. Jere ya ce ta ajiye masa kayansa. Ta ce ai ya zama nata, ta samu kujerar masu jiran ɗinki ta baje, ta fara buɗawa tana lasar yatsa.

"Kakanninka da suka taho daga kudu da mashi da garkuwa, littafi suka karanta?"

"Da sun karanta ai da ba su yi zango kusa da ku ba."

"Ji nan. Wai ka ja numfashi sau uku kafin ka yi magana. Yanzu numfashin ma sai an sayar muku?"

"Ku da ba a sayar muku ba, ga shi kina magana tun safe ba ki ja ko ɗaya ba."

Ta ce masu rubuta irin waɗannan littattafai ba su taɓa kwana da yunwa ba, sai su zauna a inuwa su gaya wa talaka ya tashi da asuba, alhali shi asubar ma a hanyar kasuwa take samunsa. Jere bai musa ba. Ya ce rabin littafin iska ce, shi ma tsallakewa ya yi. Amma tunda aka haife shi mutane dariya suke masa, ko su ƙarasa masa maganar da ya faro, babu wanda ya taɓa zama ya ce masa yi kaza, sannan ka yi kaza. Mai haƙoran nan ne na farko.

Nan Bana Lombe ta juya zuwa ƙarshen littafin, ta ga rubutun hannu, ta gane ko mene ne. Tana wurin jana'izar nan, ita ce ma ta riƙe murhu kwana uku kamar yadda taubasai ke yi. Ta rufe littafin ta soke shi a zanenta.

Jere ya ce ta faɗi fansa, ko lemo ko ɗinkin zane kyauta.

"Ba na shan lemon mai cin ɓera. Hau akwatin can ka faɗa mana abin da za ka faɗa ranar Asabar."

Ai kuwa ta leƙa waje ta kira masu tumatir da masu kifi da mai gyaran takalmi, ta ce su zo ga ɗan Ngoni zai yi wa'azi. Jere ya ji haushinta ƙwarai, ga shi ba halin ya nuna, don wanda ya yi fushi da taubashi shi za a yi wa dariya har shekara ta zagayo. Ya hau akwatin lemo, igiyar awo na rataye a wuyansa. Mutum ya kai ashirin.

Ya buɗe baki zai kira sunan 'yarsa, sunan ya maƙale a haƙoransa. Ya sake, ya sake maƙalewa. Wata mai kifi ta sunkuyar da kai don kunya.

"Ɓera ya tsaya masa a wuya," in ji Bana Lombe. "A kawo ruwa."

Aka kwashe da dariya. A cikin dariyar nan Jere ya ja numfashinsa uku. Littafin ya ce ka zaɓi fuska ɗaya a cikin taro ka yi magana da ita kaɗai, sai ya zaɓi fuskar da ba ta taɓa ba shi tsoro ba, ya harare ta, ya fara.

"Thokozile, rigarki ta farko ta makaranta ni na ɗinka. Na yi ta da girma don ta kai ki shekara uku. Kika sa ta tana jan ƙasa, ba ki taɓa ce min komai ba. Rigar da kike sanye da ita yau ma ni na ɗinka, wannan karon daidai jikinki. Uwarki ce ta saba riƙe min bakin awo. Ba ta nan, shi ya sa na auna sau huɗu. Ki je gidanki lafiya, 'yata."

Sau biyu ya yi tuntuɓe, bai tsaya ba. Da ya gama, sai mai gyaran takalmi ya fara tafi, mata suka ɗauki guɗa. Jere ya sauko yana haki, daɗi ya cika shi har bai san inda zai sa hannuwansa ba.

Bana Lombe ta juya baya ta fyace hanci a bakin zanenta, ta ce barkonon bana zafi gare shi. Ta ɗebo garin masara ta watsa masa a ka har gira, yadda ake wa taubashi ranar farin cikinsa. Ta miƙa masa littafinsa, ta ɗora babban yankan chikanda a kai.

"Na yarda, mai haƙoran nan ya san aikinsa. Ka ce a ajiye min kujerar gaba."

"Wa ya gayyace ki?"

"Taubashiya ba ta jiran gayyata. In ban zo ba, fuskar wa za ka harara?"

Jere ya yi dariya har gari na zubo masa a ido. Ya ce zai gaya wa Thokozile, kujerar tsakiya, daidai gabansa.