Rasuwar Ɗan Siriri, Buroshin Saka Ido

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, ni Kuramochi Teruo na birnin Sakai, a madadin kaina da sauran 'yan teburin ranar Lahadi da ke saman shagon taliyar Hamada, nake sanar da rasuwar buroshin fentina, lamba sifili, wanda muka fi sani da Ɗan Siriri. Ya rasu ranar Talata da azahar a kan teburin aikina bayan gajeriyar jinya, yana da shekara goma sha ɗaya a hannuna. Ya tafi ya bar aiki: kwamandan rundunar abokina Nagumo-san har yanzu ba shi da ido, kuma saura Lahadi ɗaya tak Nagumo-san ya bar garin nan.

An haifi marigayin a garin Kumano, a hannun wata dattijuwa mai tsince gashi ɗaya bayan ɗaya. Ja ne, siriri, mai kunya. Buroshi irinsa in ya shekara guda an gode, amma shi aiki ɗaya aka ware masa tun ranar da ya shigo gidan, bai taɓa taɓa sulke ko takalmi ba, bai san warin fentin azurfa ba. Yana da sabulunsa na kansa. Matata Fumie takan ce shekara talatin da huɗu muna tare ban taɓa sayo mata sabulu ba, kuma gaskiyarta ce.

A teburinmu, inda dattawa ke jera sojojin roba masu tsawon babban yatsa su yi ta yaƙi a duniyoyin da ba a gano ba tukuna, da tef ɗin awo da 'ya'yan ludo, doka ɗaya ce ba a takawa. Soja ba ya hawa tebur sai an saka masa ido. Ido shi ne ƙarshen aiki, kafin nan roba ce kawai, ko da an yi wata huɗu ana shafa mata fenti. Ƙananan sojoji sun huta, hular kwano ta rufe musu fuska. Amma kwamandoji, saboda wani dalili da har yau ban gane ba, da kai a buɗe suke zuwa yaƙi a inda ko iskar shaƙa babu. Kowane sai an ɗiga masa farin da bai kai rabin ƙwayar riɗi ba, sannan a ɗiga baƙi a cikin farin, sau biyu, duka su kalli wuri ɗaya. Kowa yakan yi wa sojojinsa fenti da kansa, amma in aka zo ido ni ake kawo wa. Ba fariya ba, a Sakai kaf in an ce ido an ce Kuramochi, kuma ban taɓa yin kamar abin bai yi min daɗi ba.

Marigayin ba mai yawan magana ba ne. Abin da za mu riƙa tunawa shi ne ƙwal-ƙwal-ƙwal ɗinsa a jikin kwalbar ɗauraya, sau uku, ba ya ƙarawa. Sai kuma tsut, idan na ja shi tsakanin leɓuna don in fitar masa da tsini. An sha hana ni wannan tsotson, Fumie ta ce wata rana za a buɗe cikina a tarar da shuɗi da kore. Tun Talata gidan ya yi tsit, ba na son shiga ɗakin aikin.

Game da jinyarsa, dole in fara da Nagumo-san. Tsohon direban jirgin ƙasa na cikin gari ne, shekararsa saba'in da huɗu, shi ya fara koya min wasan nan. Gwiwa ta hana shi hawa bene, 'yarsa kuma ta rantse ƙarshen watan nan za ta tafi da shi garin Kagoshima ya zauna a wurinta. Ya rarraba mana sojojinsa duka, ya bar runduna ɗaya don yaƙin bankwana. Kwamandanta ya yi wa fenti da kansa tun bazara, jan sulke, da tabo a kunci. Ya kawo min shi a cikin kwalin alewa ƙulle a ƙyalle, ya dangwara min a gaba.

Ya ce, "Kuramochi, idon mutumin da ya san ba zai dawo ba nake so. Kar ka yi min harara-garke, ɗan nema, a gaban mutane za a gan shi."

Na ce masa tun yaushe na taɓa ɓata wa wani ido, ya je ya ji da gwiwarsa. Muka yi dariya. Na karɓi kwalin da hannu biyu, ya ɗauka ladabi ne.

Ranar Talata takobin kwamandan ya ɗan saki. Na ɗiga gam mai kama nan take a gefen farantin da nake dama fenti, kusa da ɗigon ruwa. Wanda ya fara sana'ar nan jiya ma ya san gam a kan guntun kwali daban ake ɗiga shi, ni da kaina na sha yi wa mutane faɗa a kan haka. Na gyara takobin, na ɗauki marigayin, na nufi ruwan. Ina gani da idona hannun ya kauce, ya tsoma shi a gam. Kafin in kai shi kwalba ya sandare kamar tsinken sakace.

An yi iya ƙoƙari. Na jiƙa shi a maganin cire gam har azahar, gashin ya riƙa zubewa ɗaiɗai, Fumie tana tsince su da ɗan hantsaki tana jerawa a kan farar takarda. Da ta gama ta ninke takardar, ba ta ɗago ba ta ce, "Baban Chie, ba buroshin ne ke buƙatar likita ba. Wata nawa ina goge miyar da kake zubarwa a gefenka."

A nan nake son in wanke marigayin daga wani ƙazafi. Tun farkon bazara nake gaya wa 'yan tebur cewa Ɗan Siriri ya tsufa, bakinsa ya fara rabewa, shi ya sa ido ɗaya ke cin min kwana uku. Ƙarya nake yi. Har ranar da ya rasu tsininsa lafiya lau yake. Hannuna ne ke rawa. Na yi ta haɗa wuyan hannu biyu ina dannewa a bakin tebur, ina riƙe numfashi har kaina ya yi jiri, shi kuwa bawan Allah ya ɗauki laifin bai ce uffan ba. Kunyar wannan ta fi rashinsa ci min rai, kuma tsoro nake ji, ban san ko ni wane ne a teburin nan ba in ba mai saka ido ba.

Marigayin ya bar wansa, lamba biyu, da wani tsohon buroshin goge ƙura wanda kowa ya ɗauka shi zai riga tafiya. Ya bar kwalbar ɗauraya, da gwangwanayen fenti sittin da ɗaya, rabinsu sun bushe. Ya bar marayun sojoji masu launin toka da ba a yi wa fenti ba kwali tara, ko da yake Fumie biyu ta sani, sai yanzu da za ta karanta wannan. Ranar Laraba na sayo ƙannensa uku daga garinsu, na gwada su a kan kawunan da suka yi saura. Kai goma sha huɗu na yi. Babu ko ɗaya da idonsa biyu suka yarda su kalli wuri guda.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a haikalin unguwarmu, ranar da ake ƙona tsofaffin burusa tare da addu'ar godiya. Limamin ya yarda a sa shi cikin na malaman rubutu duk da ƙanƙantarsa. Ya tambaye ni rubutu nawa marigayin ya yi a rayuwarsa, na ce ko harafi ɗaya bai rubuta ba, ido kawai ya buɗe wa mutum ɗari huɗu da wani abu. Sai ya ce a kawo shi a cikin takardar da gashinsa.

Daga nan za a karɓi gaisuwa a saman shagon Hamada, mutum biyu sun ɗauki nauyin hawa bene da Nagumo-san. Nagumo-san, ka yafe min, na buga maka waya sau biyu na ƙare da zancen ruwan sama, wannan takardar ce kaɗai hanyar da na iya faɗa maka. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya kawo min sabon buroshi. Shirasaki-san, 'yar teburinmu mai ƙera haƙoran roba, wadda sau uku tana roƙona in bar ta ta gwada ina ce mata idon kifi za ta yi, ina roƙonta ta zo da nata buroshin, kwamandan yana cikin kwalinsa. Ni zan riƙe mata fitila. In ta ga hasken yana rawa da yawa, kada ta ji nauyina, ta faɗa, in miƙa wa wani.