Ranar da Na Yi Walda Cikin Farar Shadda

A shekarun da tattalin arziki ya karye, aka rufe masana'antar da nake walda, sai wata makarantar koyon sana'a a unguwar Ndogbong ta ɗauke ni malami. Na daɗe ina son koya wa yara abin da hannuna ya sani, kuma gaskiya ina kwaɗayin a kira ni Misye, yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci.

Ranar farko na zura farar shaddata ta Sallah, wadda ita kaɗai ta rage mini. Matata Hajara ta miƙo mini kakin aiki.

"Maigida, tartsatsi fa bai san ka zama malami ba."

Na ce mata shekara goma sha biyar wuta ba ta taɓa ni ba.

Na yi wa ɗalibai dogon jawabi kan kare jiki, sannan na kama walda. Aji ya yi tsit, na ɗauka gwanintata ce ta burge su. Ina ɗage gilashin fuska, wata ɗaliba ta ce, "Pardon, Misye, kuna hayaƙi."

Haka na ratsa unguwar New Bell zuwa gida da riga duk huji.

Tuni na yi ritaya, amma har yau in Hajara za ta tankaɗe gari, sai ta leƙo ɗaki: "Misye, ara mini shaddarka."