Gwaggo Maybelle Ta Cika a Ƙofar Zango

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin albarushi, ni Virgil Stamper na tsaunukan Kentucky nake sanar da rasuwar bindigata ta toka, Gwaggo Maybelle, wadda ta cika ranar Asabar a ƙofar Zangon Mutanen Da, bayan doguwar jinya.

Marigayiya ba tsohuwa ba ce. Maƙeri Orval Hensley ne ya ƙera mini ita, kwaikwayon bindigogin da kakanninmu suke musaya da fatu. Tsayinta ya kai haɓata, cikin bututunta sumul, ga macijin tagulla kwance a kwiɓinta. Halinta kuwa, sai wanda ya zauna da ita. Ba ta taɓa ɗaukar ran ko tsuntsu ɗaya ba. In na ja kunama sai ta ce ƙyas, ta ce fuuu, ta yi dogon nazari, sai talotalo ya gama kiwo ya kama hanyar gida sannan ta ce dum! Tsuntsayen dajinmu sun yi babban rashi.

Burinmu ɗaya ne ni da ita, mu kwana cikin zangon nan, inda duk shekara da kaka maza ke sa rigunan fata su yi irin zaman mutanen da. Amma ba a shiga sai mai tsaron ƙofa, Lonnie Pruitt, ya duba kayanka ya ce sun yi daidai da wancan zamani. Mutum ne da zai shinshina maɓalli ya gaya maka ko na roba ne. Zuwanmu na farko ya ce ƙotarta ta cika ado, ta attajirai ce. Na kankare. Da muka koma ya ce macijin yana kallon inda bai kamata ba. Orval ya juya shi yana tsaki. Bara kuwa Lonnie ya ɗaga ta a rana, ya ce, "Haba Virgil, ɗan'uwa, wannan ai amarya ka kawo mana. Har haƙorana nake gani a jikinta."

Daga nan aka shiga magani. Na shafe ta da ruwan tsami da gishiri, na zane ta da sarƙar tarakta, na binne ta cikin kashin doki har sanyi ya wuce. Matata Darlene tana yawo tana cewa ni na kashe ta. Sharri ne, tsufa nake koya wa Maybelle.

Ranar Asabar na miƙa wa Lonnie ita. Tana isa hannunsa ta ce ƙaras, ta rabu biyu daga wuya. Wannan ne furucinta na ƙarshe. Lonnie ya cire hula, idonsa ya kawo ruwa, ya ce tun da yake bai taɓa ganin bindigar da ta yi daidai da zamanin irin wannan ba, kai ka ce yanzu aka tono ta a bakin kogi. Na yi kuka, rabi na rashi, rabi na daɗi.

Ta rasu ta bar ƙahon albarushi, da sandar ɗuri wadda ta tsira don na manta ban binne ta ba, da huji a rufin barga, da Orval wanda ya daina amsa gaisuwata.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da hantsi a cikin zangon, inda dattawa suka yanke shawarar rataye ta bisa ƙofar babban tanti don girmamawa. Ana roƙon masu halarta su bar agogo da tabarau a mota. Za a raba wake da burodin masara. Masu son yi mini ta'aziyya za su same ni a bayan igiyar da ta kewaye zangon, wajen da ake ajiye motoci, domin Lonnie ya tuna mini cikin ladabi cewa a wancan zamani ba a barin namiji ya shiga zango ba shi da bindiga.