Sarkin da Ya Manta da Irin Gyaɗa

"Lafiya lau, amarya. Ya tsufa? Shigo mana, amma kar sandarki ta taɓa mini waya."

Safiyanu ne ya amsa gaisuwar kakarsa, ko ɗago kai bai yi ba. Dada Hapsatu ta tsaya a ƙofar ɗakin tana kallon ƙeyarsa, takaici ya cika ta. Jiya aka yi ruwan shuka, gobe da sassafe masu garmar shanu za su shiga gonarta ta Kangire. Abin da ya rage shi ne irin gyaɗa, yana can Gwaram wurin ƙanenta Abdulsalami, wanda ya ce in la'asar ta wuce ba a zo ba zai raba wa masu jira. Tun hantsi ta aiki wannan zaƙaƙurin jikan nata. Ga shi an sauko daga azahar, babur yana jingine a zaure, shi kuma ya tasa kwamfuta a gaba kamar mai duba.

"Mijin banza, ina gyaɗata?"

"Ki iya bakinki, tsohuwa. Da sarki kike magana. Tun safe na ci ƙasa goma sha ɗaya."

"Ka ci ƙasa? Shi ya sa bakinka ya yi fari. Sarkin da har yau ni nake dama masa koko."

"Zo ki gani da idonki, in da sauran gani a cikinsa."

Dada ba ta so zama ba, amma son ganin ƙwaƙwaf ya fi ƙarfinta tun tana budurwa. Ta janyo kujera. Taswira ce shimfiɗe a allon, kowace ƙasa da launinta, kamar zanen gadon 'yan birni.

"Wasa ne na tarihi," in ji shi. "Ana ba ki sarauta ɗaya ta shekara ɗari biyar da suka wuce, ki riƙe ta. Ke ce yaƙi, ke ce sulhu, ke ce fatauci. Ni Kano na ɗauka. Duk wannan jan nawa ne."

"To nuna mini Birnin Kudu in ga ko an share ƙofar gidanmu."

Ya sosa kai. "Babu ita."

"Gwaram fa?"

"Ita ma. Duk an dunƙule mu cikin jan."

"Birnin Kudu, gari mai duwatsun da mutanen farko suka yi zane a jiki, a ce babu shi? Wanda ya yi abin nan ko tashar motarmu bai taɓa sauka ba, kai kuma ka zauna yana koya maka tarihin kakanninka."

"Ai da abin da ya sani. Ke kin san inda Masar take? Ga ta nan. Ga Bahar Maliya, ga Makka."

Dada ta matso har goshinta ya kusa taɓa allon. "Daga nan zuwa Makka, ta ina ake bi a ƙasa?"

Ya ɗora yatsa ya ja a hankali: Borno, ya wuce tafki, ya ratsa Sudan, har bakin ruwa. Yatsan ya daɗe yana tafiya. Mahaifinta Malam Musbahu da ƙafa ya bi hanyar nan tana goye, bai dawo ba sai da ta isa ɗaukar tulu. Shekara saba'in tana jin labarin, ba ta taɓa ganin tsawon hanyar ba sai yau. Tausayinsa ya kama ta, ta goge ido da bakin mayafi.

"Kuka kike yi, amarya? In kin ce in ci miki Makka ma, shekara goma kawai zan ƙara."

"Tir da bakinka. Hayaƙin injin naka ne ya shiga idona. Ji yadda yake huci kamar tukunyar ɗanwake." Ta nuna wasu 'yan mutane da ke tafe a taswirar. "Waɗannan ina za su?"

"Sojojina ne, dubu arba'in. Yaƙi za su."

"Wane wata ne a ƙasar taka?"

Ya duba kusurwa. "Yuni."

"A Yuni ka kwashe maza dubu arba'in daga gona? Uwar wa za ta yi shuka? Ko mahaukacin sarki sai an kai amfani gida yake buga tambarin yaƙi."

"Wasan bai damu da damina ba. Mutane lamba ne kawai, in sun ragu su sake cika."

"Ashe. Shi ya sa ni ma na zama lamba."

"Haba Dada, yanzu zan tashi. Ai abin da daɗinsa ke nan, ba ya guduwa. Duba." Ya danna wani maɓalli, sojojin suka ƙame a inda suke. "Na tsayar da lokaci. Ko gobe na dawo, nan zan same su."

Dada ta kalli sojojin, ta kalli hasken rana da ya fara karkata a tsakar gida.

"Madalla, ranka ya daɗe. To danna wa danshin gonata shi ma ya tsaya. In ka gama ka danna wa Abdulsalami."

Safiyanu ya ɗago kai daga allon. Ya dubi agogo, sai ga shi tsaye yana neman takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado. Kunya ta kama shi sosai, Dada kuwa ta ji daɗin ganin hakan har cikin ranta.

"Kin ci ni da yaƙi, tsohuwa," ya ce yana dariya. "Na miƙa wuya. Amma ki sani, in na dawo sakinki zan yi in auri mai haƙora."

"Sai dai mai haƙoran ta ci taswira." Ta bi shi zaure tana dogara sanda, ta tsaya har ya tayar da babur. "In irin ya iso kafin magariba, gefen gonar nan na wajen tsamiya na ba ka, halak malak. Ƙasa ce ta gaske, ba launi ba."

"Da talakawa nawa a ciki?"

"Ɗaya. Kai ne. Ka zo da fartanyarka."