Hawayen Ido Ɗaya a Walimar Madam Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da idona na hagu ya kunyata ni a gaban malaman makarantarmu ba.

Ni malamar lissafi ce a wata sakandare a Jimeta, shekara goma sha tara ina shaƙar alli. Da mataimakin firinsifal ya yi ritaya, har mai gadi ya san kujerar tawa ce. Na ma ɗinka atamfar shiga ofis (ku adana dariyarku, tana da amfani a gaba). Sai ga takarda ta fito da sunan Madam Rifkatu, malamar Turanci, wadda ni na nuna wa inda ake ajiye rajista ranar da ta kama aiki. Na yi mata barka da fatar baki, na koma gidana a unguwar Ajiya na huce a kan tukwane.

Kwana tara bayan haka, an shiga dogon hutu, na tashi da safe ina kurkure baki sai ruwan ya zubo ta gefe ɗaya. Na duba madubi: rabin fuskata ya zube, baki ya karkace, idon hagu ya ƙi rufuwa. Goggona tana gani ta ce iska ce ta mare ni, a kawo turare. A asibiti likita ya ce jijiyar fuska ce ta samu matsala, ya rubuta magani, ya tura ni sashen gashi, inda ake motsa jijiyar da ta shanye.

To ni fa ba fuskar ce ta fi damuna ba, lokacin da ta zaɓa ne. Ta rasa ranar karkacewa sai kwana tara bayan an ba Rifkatu kujera? Na san mutanena. Kafin la'asar za a ji daga Demsawo har Sangere cewa baƙin ciki ya karkatar wa Malama baki. Na rantse babu wanda zai samu wannan abin faɗa a kaina. Na kulle ƙofa, na ce duk wanda ya zo a ce na tafi Garwa wurin dangi. Da aka koma makaranta kuma na ɗaura takunkumi, na ce ƙurar alli ce ta taso mini da asma. Zango guda ko ruwa ban sha a ɗakin malamai ba.

Mai yi mini gashin sunansa Mista Yohanna, mutumin Numan, mai haƙurin da ke ƙara wa mutum haushi. Zai zaunar da ni gaban madubi ya ce, "Hajiya, ka ɗaga gira. Ka cika kumatu da iska. Yanzu ka tura baki kamar za ka sumbaci jikanka." (Hausar Jimeta ba ta san mace ba, duk maza ne mu.) Rannan ya miƙo mini balan-balan wai in hura. Ni, mai 'ya'ya a jami'a, 'yar cikin Yola da aka raina da filako, kunyar nan ta Fulani, in zauna gaban namiji ina tura baki ina hura abin wasan yara? Na hura dai, iska tana tserewa ta gefe da wata ƙara da ba ta dace da mace mai mutunci ba. Ya ce in riƙa yi sau uku kullum a gida. Na ce to. Ko sau ɗaya ban yi ba.

A hankali idon ya fara rufuwa, amma kumatun hagu ya zauna a lotse, leɓen yana rinjaya. Ana haka aka sa ranar walimar taya Rifkatu murna, ƙarshen zango. In ban je ba, an ce baƙin ciki. In na je, ba a cin abinci da takunkumi. Na koma wa likita kamar zan ci shi ɗanye, na ce ya san yadda zai yi da ni. Shi ne ya haɗa ni da wani abokin aikinsa mai yin allurar kolajin, wani abu mai kauri da ake turawa ƙarƙashin fata ya cike inda ya zube.

Mutumin nan bai ɓoye mini komai ba, hakkinsa ne in faɗa. Ya ce, "Hajiya, wannan yaɓe ne kawai. Zai daidaita fuskar in kina zaune shiru. Jijiyar kuwa sai kin ci gaba da zuwa gashi, tare suke tafiya." Na ji rabin farko, rabin ƙarshe na bar masa a ofis. Da kumburin allurar ya sace na duba madubi, sai ga ni na dawo. Daga ranar Mista Yohanna bai ƙara ganin ƙeyata ba. Ya kira sau uku, na kife wayar.

Akwai wani abu da na lura da shi a gida: duk lokacin da nake cin abinci idon hagu yana kawo ruwa. Na ɗora wa yaji laifi, na yi ta faɗa a rage tattasai a miya.

Ranar walima na cire takunkumi, na sa atamfar nan ta shiga ofis (ai ba za ta ruɓe a akwati ba), na shiga ɗakin malamai ina rabon gaisuwa kamar mai neman ƙuri'a. An jera dafa-duka, soyayyen kifin Binuwai da zoɓo mai tsami. Na zuba, na matsa lemun tsami a kan kifin, na kai loma biyu masu kyau. Ina cikin tauna Firinsifal ya miƙe ya ce tunda ni ce babba a cikin malamai, ni zan yi magana a madadinsu.

Na haɗiye, na kurɓi zoɓo, na tashi. Jawabin nan kwana uku ina haddace shi. Na ce, "Wallahi yau babu wanda ya kai ni farin ciki." Ina rufe baki na ji abu mai ɗumi ya gangaro ta kumatun hagu. Na share da bakin gyale na ci gaba, "Madam Rifkatu ta cancanci wannan kujera." Wani ya sake gangarowa, ya ɗiga a kan atamfar. Malamin tarihi ya sunkuyar da kai yana wasa da cokali. Wata daga baya ta ce, "Ayya," a hankali, kuma wannan ayyar ta fi mari zafi.

Sai Rifkatu ta taso ta rungume ni gaban kowa kamar wata ƙanwata, ta ce, "Adda, ka yi haƙuri. Naka ma yana zuwa."

Nan na fita hayyacina. Na ture ta na ce, "Ba kuka nake ba! Ciwo ne, fuskata ce ta shanye tun hutu." Kowa ya ɗago ya dubi fuskar. Fuska kuwa ga ta sumul, daidai wa daida, allura ta yi aikinta har ta share mini shaida. Firinsifal ya ce, "Malama, ai ba komai, ɗan Adam ne, zauna ki huta." Wato bayan baƙin ciki an ƙara mini da ƙarya.

Da mai hankali ce da ta zauna. Ni kuwa na ce sai sun gani da idonsu. Na cika kumatu da iska yadda Mista Yohanna ya koya mini, don su ga ɓangaren hagu ba ya riƙewa. Bai riƙe ba kuwa. Iskar ta ƙwace da ƙarar nan, ta tafi da ƙwayar shinkafa biyu da ta maƙale a lungun kumatu, suka sauka a kan farar babbar rigar Firinsifal. Bawan Allah ya dube su, ya sa yatsa ya kakkaɓe. Na ɗauki jakata. Ban san yadda na isa bakin titi na tare Keke Napep ba.

Washegari na koma wa Mista Yohanna da kaina a ƙasa. Ko gori bai yi mini ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Ya ce wani lokaci in jijiyar tana warkewa takan ɓata hanya, saƙon da ya kamata ya kawo yawu sai ya kawo hawaye. Ya ce, "Da ka ɗaga wayana ka gaya mini, da na faɗa maka, mu koma wurin likita tun kafin ka je taro." Sannan ya miƙo balan-balan. Na karɓa na hura har kaina ya yi jiri.

Ranar Asabar sai ga Rifkatu har Ajiya. Na fito da takardun asibiti kaf na baje mata a kan tabarma, ina huci, na ce ta karanta tunda ita ce malamar Turanci. Ta karanta ɗaya, ta tattara sauran ta miƙo mini. Ta ce, "Na yarda, Adda. Amma ko kukan gaske ne, ka yi daidai. Ni ma ranar da takardan ya fito ban ci abinci ba, don na san kai ya kamata."

Na karɓi takarduna na tura ƙarƙashin tabarma. Wata biyar ina gadin bakina kar a ce ina baƙin ciki, alhali ina yi, kuma matar da nake yi dominta ta fi kowa sani. Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne, idon nan ya yi kuskuren dalili, amma bai yi mini ƙazafi ba.

Yanzu ina zuwa gashi sau biyu a mako, ina tura baki gaban madubi ba kunya. Shawarata ga duk wadda aka tsallake aka ba ƙanwarta kujera: ki yi kukanki da ido biyu tun ranar farko, ki faɗi ciwonki tun yana da shaida. In kuma kin nace sai kin je walimar kin yi jawabi, to ki ci abincinki a gida.