Kwamfutar da Ta Hana Gwaggo Sayar da Ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na sa aka kashe wa Gwaggo Asabe firiza ba, ko da kuwa 'yan gidanmu sun yi mini kara sun daina tayar da zancen. (Ba su daina ba.)

Gidanmu a Ƙaraye babban gida ne, sassa huɗu amma mita ɗaya. Duk wata kowane sashe yana kawo nasa a haɗa a sayi katin wuta, Baffa Sule kuma, yayan mahaifina, shi ke riƙe da ragamar abin. Gwaggo Asabe ƙanwarsu ce. Bayan rasuwar mijinta a Fulatan ta dawo gida, ta sayar da gyaɗarta da awaki biyu ta sayi firiza, ta kama sana'ar ƙanƙara da zoɓo. Da shi take ci da sha ba ta roƙi kowa ba, kuma ta fi ƙaunar a ce haka fiye da komai.

Ni kuwa akawu ne a sakatariya. A shekarar aka tura ni kwas na kwana uku a Kano, na dawo da satifiket da wata kwamfuta ta gwanjo, irin ta da ɗin nan mai akwati a ƙasa da allo mai ƙatuwar ƙeya. Wanda ya sayar mini ya ja kunnena, ya ce, "Alhaji, kar ka dinga kashe ta kana kunnawa, shi ke lalata su." (Ban taɓa zuwa Makka ba, amma tunda ya ce Alhaji na daina tayawa.) Har ya saita ta yadda in an ɗauke wuta aka dawo da ita za ta tashi da kanta. A lokacin an ɗan gyara layinmu, wuta tana zama sosai, don haka baiwar Allah ba ta huta ba.

Gaskiya ba tsoron lalacewar kaɗai ba ne. In aka bar ta ta jima ba a taɓa ba, wasu kifaye masu launi suna fitowa su yi ta iyo a allon, ni kuma sai in ɗage labulen ƙofa yadda duk mai wucewa zai gani. Aikin da na yi da ita a wata huɗu bai wuce wasiƙa ɗaya ta neman ƙarin girma ba, sai karta.

Sai kati ya fara ƙarewa tun wata bai raba ba. Da abin ya maimaitu, Baffa ya tara mu bayan la'asar a tsakar gida, ya dube ni ya ce, "Kai ne ɗan bokon gidan. Bincika mana, me ke shan wutar nan?"

Na ɗauki biro da takarda na bi sashe-sashe ina rubuta ƙwan fitila da fanka da dutsen guga, ina girgiza kai kamar likita. Da na zo ɗakina na rubuta ƙwai ɗaya, fanka ɗaya. Ba ha'inci na yi ba, wallahi. A tunanina abin da ke dafa ruwa ko ya daskarar da shi ne ke cin wuta, ita kuwa kwamfuta da basira take aiki. Washegari na yanke hukunci a gaban kowa, har da nuni da biro: firiza ce.

Gwaggo ba ta yi musu ba. Ta ce, "To, ɗan nan, tunda kai ka yi karatun." Da hannunta ta zare wayar, ta raba wa maƙwabta sauran zoɓon, ta goge firizar tas ta rufe ta da tsohon zane. Aka ce a gwada mako uku a gani.

Cikin makonnin nan masu fura da ke sayen ƙanƙararta suka koma wani gida. Mai lemon tasha, wanda shi ne babban mai cinikinta, ya zo sau biyu ya koma hannu wofi, bai sake zuwa ba. Na ji tana tambayar matar Baffa ko ta san mai son firiza. Kati kuma ya ɗan ƙara kwanaki kaɗan, ya sake ƙarewa kafin ƙarshen wata. Mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Ni sai na ce ai mitar ce ta lalace, a kira ma'aikaci ya tabbatar.

Ma'aikacin da Baffa ya kira Ɗanlami ne, mutumin garin Turawa, mai gyaran wuta. Ajinmu ɗaya a firamare, kuma na sha yi masa dariya a darasin lissafi. Ya zo da hantsi ranar Asabar, ya durƙusa ya gaida Baffa, ya tambayi gida da iyali da zafi, sannan ya juyo ya ce mini, "Ranka ya daɗe, manyan gari." Ya nuna mana wata 'yar jar fitila a jikin mitar, ya ce duk yawan wutar da ake ja, haka yawan ƙyaftawarta. Ya sa a kashe komai na gidan.

Aka kashe. Fitilar ta ci gaba da ƙyaftawa abinta.

"Kun gani ko!" na ce, har da tafa hannu. "Baffa, me na gaya maka? Komai a kashe amma tana gudu."

Ɗanlami ya ce, "Anya kuwa? Akwai dai abin da ke kunne a gidan nan." Ya bar Baffa a gaban mitar ya shiga zagaye, mata da maza suka bi shi a baya. Ni ne ma a gaba ina buɗe masa ƙofofi. Sashena ne na ƙarshe, labule a ɗage kamar kullum, kifaye suna ta iyo.

"Wannan fa?" in ji Ɗanlami.

"Kwamfuta ce," na ce masa a hankali, yadda ake yi wa wanda bai sani ba bayani. "Ba ta cin wuta."

Ɗanlami ya matso kusa da ita. Ya kama hannuna ya ɗora a ƙeyar allon, na janye da sauri don zafi. Ya tambaye ni tun yaushe take kunne, na ce tun ranar da ta shigo gidan. Ya sunkuya ya zare wayar daga soket, kifayen suka ɓace. Can daga zaure muka jiyo muryar Baffa: "Ta tsaya! Kai Ɗanlami, me ka taɓa? Ta tsaya cak!"

Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata. Ɗanlami kuma, Allah ya saka masa, bai yi dariya ba, wanda hakan ya fi dariyar ciwo. Cikin ladabi ya yi wa jama'a bayani cewa firiza in ta yi sanyi tana tsayawa ta huta da kanta, amma wannan tsohuwar, da allonta da akwatinta da lasifikarta, ba ta hutawa ko na minti ɗaya muddin akwai wuta.

Gwaggo ta matso ta leƙa ɗakin, don ba ta taɓa shiga ba tunda na kawo na'urar. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta juyo, ba faɗa ba gatse, tambaya ce tsakani da Allah: "Ɗan nan, ita wannan me take sayarwa?"

Matar Baffa ta toshe bakinta da mayafi ta fice.

Ni na sunkuya na mayar da wayar firizar a ranar, na kuma durƙusa na ba Gwaggo haƙuri. Ta ce ba komai, ai kuskure ne. Masu fura sun dawo da kaɗan-kaɗan, amma mai lemon tasha ya riga ya yi alƙawari da wani gida. Sau uku ina zuwa roƙonsa da kaina, da rigar ofis, yana ce mini sai dai wata shekarar. Wannan ne ya fi damuna har yau, don kunyata ta wuce da dariya, ita kuwa Gwaggo ciniki ta rasa.

Kwamfutar tana nan, kuma tunda na fara kashe ta ba abin da ya same ta. Abin da na koya shi ne, in aka ce ka nemo mai laifi a gida, ka fara taɓa ƙeyar kayanka ka ji ko da zafi kafin ka nuna wani da biro.