Yadda Za Ka Ba Muzurun Mahaifiyarka Bitamin Ka Ƙwato Ɗakinka

Akwati ɗaya, takardar digiri, rigar sanyi, da kwalbar bitamin na kyanwa. Abin da Milutin ya riƙo ke nan a motar Belgrade zuwa garinsu Nish, bayan shekarun karatu a Kanada. A gida kuwa mahaifiyarsa Leposava ta riga ta ba muzurunta Mitsko ɗakinsa, har da gadon. Idan kai ma kyanwa ta gaje ka da ranka, bi hanyar Milutin. Tabbas za ka kwana a gadonka.

1. Ka san matsayinka

Kada ka yi zancen ɗaki ranar da ka sauka. Milutin ya kwana a kujerar falo, ƙafafunsa na lilo. Da safe ya gai da Mitsko kafin ya gai da uwar. Leposava ta ce ashe karatun bai lalata shi duka ba.

2. Kada ka tambayi likitan dabbobi

Zai ce maka kyanwar da ke ƙoshi da abinci mai kyau ba ta buƙatar ƙari, wai yawan bitamin ma guba ne. Mutumin da bai taɓa ƙetare teku ba. Kai kuwa kwalbarka da Turanci a jikinta.

3. Ka ba shi a gaban shaidu

Alherin da uwa ba ta gani ba asara ne. Milutin ya jira maƙwabciyarsu Desanka ta shigo shan gahawa, ya naɗe Mitsko a tawul, ya buɗe masa baki. Mitsko ya yage masa babban yatsa. Desanka ta wanke ciwon da barasar gida, ta shanye sauran.

"Maƙwabciya, da ɗan nan naki ya yi aure, da yanzu yara yake wa wannan muguntar," in ji ta.

4. Kada ka binciki abin da wasu ke ba shi

Leposava na ɗura masa man kifi kowace safiya. Desanka na kawo masa hanta kullum da yamma. Ba ruwanka. Idan kwalba ta ce ƙwaya ɗaya, ba shi biyu, ai bayanka ne ke ciwo a kujera.

5. Idan ya fara amai, buɗe taga

Mitsko ya daina cin abinci, ya yi amai a kan darduma. Milutin ya yi abin da ya saba a Kanada: ya wangale tagar ɗakin, ya bar ƙofa a buɗe, wai iska ta ratsa. A gidan Leposava. Matar da ta rantse iskar da ta shiga ta taga ta fita ta ƙofa ce ta kashe mijinta, ko da yake asibiti sun ce taba ce.

6. Ka faɗi gaskiya

Likita ya duba Mitsko, ya ce bitamin ne ya yi masa yawa, hannu uku ne suka haɗu a kansa, kowa ya daina, zai warke. Matan suka yi ta gyaɗa kai. Sai da suka iso gida Leposava ta juyo.

"Milutin, wa ya buɗe taga?"

"Mama, ba ki ji likita ba? Ni da ke da Desanka ne."

"Na ji shi. Yaro ne, na san uwarsa. Wa ya buɗe taga?"

Ya ce shi ne.

Ta karɓe Mitsko daga hannunsa, ta shiga ɗakin, ta tura tawul ƙarƙashin tagar.

"Ɗakin nasa ne. Gobe ka koma wurin goggonka, ita ma da taga a buɗe take kwana. Ku kashe kanku tare."

Ta rufe ƙofa.

Hattara

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba shi da kyanwa. Duk abin da ya sami muzurun, ko yatsanka, ko makwancinka, kai ka jawo. Mai ƙorafi ya je ya buga wa Leposava ƙofa. Ba za ta buɗe ba, iska za ta shiga.